Zama lauyan solisita a Ingila: ku da kuka bi hanyar, ina aka fi shan wuya?

Ɗaliba a Leeds: Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin tattalin arziki, kuma zuciyata tana kan aikin solisita a nan Ingila, wato lauyan da ke ba mutane shawara da shirya musu takardun shari'a. Wasu na ce min sai na koma na yi digirin shari'a, wasu na cewa an sauya tsari. Don Allah yayyena, wanda ya bi hanyar da ƙafarsa ya ba mu labari.

Ma'aikaci a Birmingham: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba sai kin koma aji ba. Tun 2021 hukumar SRA, mai kula da aikin solisita, ta kawo jarrabawar zama solisita da ake kira SQE, mai kashi biyu, kuma digirin kowane fanni ya isa. Kashi na farko takardu biyu ne, kowacce tambayoyi 180 na zaɓi, amsoshin kuma duk suna kama da juna, sai kin tantance wadda ta fi daidai. Kashi na biyu gwaji 16 ne na aiki: ganawa da mai neman taimakon lauya, tsayawa gaban alƙali, bincike, rubuta takardu. Kuɗin zama biyun ya fara ne a fam 3,980, yanzu ya haura haka, ban da kuɗin kwas ɗin shiri. Dama uku kawai ake bayarwa cikin shekara shida, don haka ban zauna ba sai da na ji na shirya.

Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne shekara biyun aikin sanin makama da ake buƙata bayan ita jarrabawar kanta, kafin a zama solisita. Na yi wani ɓangare a cibiyar da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, sauran a wani ƙaramin ofis. An yarda ki haɗa har wurare huɗu. Tun ranar da kika fara, ki tambaya wane solisita ne zai sa miki hannu ya tabbatar kin yi aikin. A ofishin farko da na nema, aiki suke so, sa hannun kuwa suna ta yi min hanya-hanya, na bar su.

Barista daga Kano: Ni labarina daban. Shekara biyar a jami'a, sai makarantar lauyoyi ta Bagauda. A Najeriya rantsuwa ɗaya ke mai da mutum barista kuma solisita, a Ingila kuwa sana'o'i biyu ne, barista shi ne wanda ya fi tsaya wa mutane a kotu. Da yake ni cikakken lauya ne a gida, ba a nemi shekara biyun nan daga gare ni ba, kuma irinmu na iya neman a ɗauke musu kashi na biyu. Na farkon kam na sha karatu, musamman dokar filaye da ta haraji, don sun yi nisa da namu.

Uwa a Manchester: Ɗana ko jami'a bai fara shiga ba. Daga sakandare wani kamfanin lauyoyi ya ɗauke shi koyon aiki na shekara shida, ana biyansa albashi, ba bashin karatu. Gurbin ne kaɗan, masu nema kamar ƙasa.

Ɗaliba a Leeds: Allah ya saka da alheri. Yaya na Birmingham, aikin sa kai da nake yi yanzu ranar Asabar zai shiga lissafi?

Ma'aikaci a Birmingham: Zai shiga in aikin shari'a ne na gaske kuma solisita ya tabbatar, sai dai gwargwadon sa'o'inki za a ƙirga. Fara rubuta abin da kike yi tun wannan makon.