Wuƙar balisong ta koyo: mai arha ta isa, ko sai an ƙara kuɗi?

Sadik: Jama'a, ni har yanzu ina kan bakana. Balisong dai wuƙa ce mai ƙota biyu da ke juyawa su rufe ruwanta, ana wasan juya ta a hannu. Ta koyo ba ta da kaifi, ko tumatir ba za ta yanka ba. To don me mutum zai zuba kuɗi a kanta? Ka ɗauki mai arha ta ƙarfe, ka yi ta juyawa har hannu ya faɗa, in ka ƙware sai ka nemi babba.

Habu: Ƙanena, da wannan shawarar na fara, kuma sai da ta ci min wata huɗu. Tawa ta farko ƙotocinta ƙarfe ne zalla, na ɗora ta a sikeli ta haura giram 160. Duk sanda na zagaya ta a kan babban yatsa sai ta fizge ta faɗi, na yi ta zargin hannuna. A mako na biyu noti ɗaya ya fice ya shige ƙarƙashin gado, ƙotar ta koma tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Ranar da na riƙe ta alminiyam mai giram 115, a zama ɗaya na yi abin da ya gagare ni tun farko.

Sadik: To ai Yaya, mutanen Batangas a Filifin da suka shahara da ƙera balisong, a garin Taal, da tagulla da ƙahon dabba da katako suke haɗa ƙota. Ba su jira wani kamfani ba.

Maryam: Gaskiya ne Sadik, amma tasu wuƙar aiki ce ta aljihu, a buɗe da hannu ɗaya a yi yanka a mayar. Mu kuwa sau ɗari muke jefa ta sama a wuni, tana dukan siminti. Buƙatar ba ɗaya ba ce.

Habu: Yawwa. Kuma abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne me ke cikin mahaɗar ƙota da ruwan wuƙar. In washa ce kawai, ka ɗaure noti ta cije, ka sassauta ta yi rawa, babu tsakiya. In da bushin, wato ɗan zoben da ya ɗara ruwan wuƙar kauri kaɗan, za ka ɗaure noti tamau kuma ƙota ta ci gaba da yawo sumul. Mai boris tana da gudu sosai, sai dai ƙura na shiga mata, ga gudun yana wahalar da sabon shiga. Sannan ka rufe ta ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji ƙas-ƙas, ruwan yana taɓa cikin ƙota ke nan, aikin bai yi kyau ba.

Nura: Ni inda na saɓa da kai Malam Habu, kana magana kamar inganci sai da tsada. Wuƙar koyo Squiddy ta kamfanin Squid Industries roba ce, ba ta da nauyi, kuma da ita mutane da yawa suka fara. Vulp ta kamfanin Nabalis alminiyam ce mai bushin, kuɗinta bai kama ƙafar na manyan wuƙaƙe irin su Replicant ta kamfanin BRS ko Benchmade 51 ba.

Habu: Ban ce a sayi mai tsada ta titaniyam ba, Nura. Vulp ɗin ma ita zan nuna wa mai farawa. Ta roba ce nake ɗari-ɗari da ita, don rashin nauyinta yana sa hannu ya saba da wani lissafi dabam, in ka koma ta ƙarfe sai ka sake gyara.

Maryam: Akwai abin da duk kuka tsallake, kuma shi ya fi damuna. Ƙota biyu ce: ɗaya tana rufe bayan wuƙa, ɗaya tana rufe gefen kaifi. A wuƙar gaske, wanda ya riƙe ta biyun ya juya ba lissafi, kaifi zai sauka a kan yatsunsa. Ta koyo ba ta hukunta kowa, shi ya sa mutum zai shekara yana riƙe ƙotar da ba ita ba bai sani ba. Ku nemi mai alama a wannan ƙotar, in babu ku naɗa mata jan salatif.

Sadik: Wannan kam na karɓa, Anti Maryam. Amma batun noti, ai ɗigon gam ɗin Loctite mai shuɗi da sukundireba mai bakin tauraro, wato Torx, sun wadatar.

Habu: Gam yana hana noti kwancewa, ba ya gyara ramin da aka huda a karkace, ba ya rage nauyin ƙota. Kawo taka ranar Asabar mu ɗora a sikeli, ka juya tawa minti goma.

Sadik: Zan zo da ita. In tawa ta yi duk abin da taka ta yi, ban janye ba.