Tsohuwar mota mai naɗe rumfa: ina daɗin yake, me ke lalacewa?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka riƙe ƙananan motocin nan na da, masu kujera biyu da rumfar da ake naɗewa baya, irin su MGB, Triumph Spitfire da Alfa Romeo Spider. A takarda ƙarfinsu bai kai na motar iyali ta yanzu ba, amma masu su ba sa yarda su rabu da su. Ina daɗin yake? Mai son saye kuma, me zai duba? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Mai MGB:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka nemi daɗin a gudu. Injin MGB cc 1798 ne, ƙarfinsa wajen doki 95, duk wata motar zamani za ta wuce ka a miƙaƙƙiyar hanya. Amma zaman ƙasa-ƙasa ne, kana miƙe da ƙafafu kamar mai zama a tabarma, kwalta na wucewa dab da gwiwar hannunka. Sitiyarin ba shi da na'urar sauƙaƙawa, don haka duk abin da tayar gaba ta taka, tafin hannunka zai sani. Kilomita 80 a cikinta ya fi 130 a rufaffiyar mota ɗanɗano, kuma ba ka karya dokar kowa ba. Hanya mai kwana-kwana ita ce gidanta: ka sauko giya ta uku, ka shiga kwanar a hankali, ka taka totur kana fita, salansa na amsa maka daga baya ba gilashin da ya tare sautin.

Tun daga tayar da ita ake fara jin daɗin, in an san tsarin. Murɗa makulli rabi, ka saurari famfon mai na lantarki yana ƙas-ƙas-ƙas a baya. Idan ƙarar ta lafa, kafireta ta cika. Ja cok, ka tayar, sannan ka riƙa mayar da cok ɗin kaɗan-kaɗan. Kada ka bar ta tana silo a tsaye wai tana ɗumi. Tafi da ita a hankali minti goma zuwa sha biyar. Allurar ruwa takan hau da wuri, baƙin mai kuwa yana baya. In ya yi zafi kana tafiya, allurar matsin baƙin mai ta zauna tsakanin 50 da 80 psi.

In da hali, nemi mai obadiraib. Ɗan makunni ne da ke aiki a giya ta uku da ta huɗu, ka taɓa shi juyin inji ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A doguwar tafiya shi ne bambancin hira da ihu.

Bakanike:
Malam Mai MGB ya faɗi zumar, bari in faɗi harbin. Tsatsa. Inji ana gyara shi a sati, bodin da ya ruɓe kuwa sai ya cinye shekara. Dalili shi ne motar da ba ta da rufin ƙarfe, duk ƙarfinta yana ƙasa, a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya. A MGB wannan wurin falle-falle ne a haɗe da walda, kuma daga ciki yake ruɓewa. Kafin ka ga ƙuraje a fenti, na ciki ya riga ya tafi.

Ga yadda nake dubawa. Tsaya gefe ka kalli ratar ƙofa. In ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, motar ta fara lanƙwasa a tsakiya. Sa jak ka ɗaga ta, ka buɗe ƙofar ka rufe. In ta cije bayan a ƙasa lafiya take rufuwa, bar motar nan. Naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi, inda ya ƙi kamawa fila aka cusa. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka danna da babban yatsa, domin rumfa ba ta rasa ɗiga, kafet kuma ya riƙe ruwan kamar soso. MGB na kafin ƙarshen 1974 batir biyu gare su masu bolt 6 a bayan kujeru, a duba mazauninsu, ruwan batir na cin wurin. Fenti mai sheƙi a motar da ta haura shekara hamsin ba ya burge ni sai na ga hoton aikin da aka yi kafin a fesa shi.

Abin da ke sanyaya rai shi ne an ƙera MGB sama da rabin miliyan a Abingdon ta Ingila tsakanin 1962 da 1980, don haka kayan gyaranta har yau ana yin sababbi, har gangar jikin gaba ɗaya.

Mai Spider:
Ban ƙi ta Ingila ba, amma a maganar rumfa Italiya ta yi gaba. A Alfa Romeo Spider ƙugiya biyu za ka saki a saman gilashi, ka tura rumfar baya da hannu ɗaya kana zaune. MGB ta farko-farko sai ka fito ka kwance ƙarafuna kamar mai tsinke tanti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rumfar da ke da wuyar saukewa, mai ita yakan daina sauke ta, an kuwa rasa dalilin sayen motar.

Kamfanin Pininfarina ne ya zana ta, ta fito a 1966, da giya biyar da birkin faifai a tayoyi huɗu tun lokacin. Injin alminiyom ne mai kamshaf biyu, yana son a ja shi sama, muryarsa kuma a can take fitowa. Sharaɗinsa ɗaya: kada a matsa masa da sanyi. Baƙin man da yake ɗauka da yawa ne, yana jimawa bai yi ɗumi ba, mai gaggawa kuwa shi ke ƙona gasket. Giya ta biyu ita ce rauninta. In tana ƙara lokacin saukowa daga ta uku, zoben da ke daidaita juyin ya cinye. Maganin yau da kullum shi ne taka kuloci sau biyu: taka, fitar da giya zuwa firi, saki, ɗan taɓa totur, sake takawa, shigar. Ran da hannu da ƙafa suka saba, giya ta shige sumul ba ko ƙis, wannan kaɗai ya isa a fita yawo dominsa.

Mai ɗinkin rumfa:
Tunda an zo fagena. Rumfa iri biyu ce, ta roba da ta yadi. Ta roba sabulu mai laushi da ruwa sun ishe ta. Ta yadi sai buroshi mai taushi, a bar ta ta bushe sarai, sannan a shafa maganin hana shan ruwa sau ɗaya a shekara. Kada a kusance ta da injin wanki mai feshi da ƙarfi, yana buɗe ɗinki.

Abu uku ke kawo mini aiki. Naɗe ta a jiƙe, sai ta yi fumfuna, zaren ya ruɓe. Naɗe ta da sanyi, sai tagar baya ta roba ta tsage a kan lanƙwasa. A bari rana ta ɗan taɓa ta tukuna. Na uku barin ta a naɗe wata da watanni, sai ta tsuke, ranar da aka zo ɗagawa ta ƙi kai wa gilashi, a ja da ƙarfi a yaga. In za a ajiye mota, a ajiye ta rumfa a ɗage, ƙugiyoyi a kame. Wajen naɗewa a shimfiɗa tawul mai laushi a kan tagar don kada ta goge jikinta. In tana da zif, a zuge shi tukuna ta kwanta miƙe. Gaɓoɓin ƙarfen kuma ɗigon mai ɗaya-ɗaya, a goge ragowar kafin ya taɓa yadi.

Hajiya mai MX-5:
Malam mai tambaya, in ba ka taɓa riƙe sifana ba, fara da Mazda MX-5 ta farko, ta 1989, mai fitilun da ke ɗagowa. Na san wasu a nan za su ce ba ta tsufa ba, amma ta haura shekara talatin. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, giyarta gajeriya ce kamar makunni, ba kafireta ba cok, kuma tana tashi kowace safiya. Ita ma tana da inda take ruɓewa. Ruwan da ya gangaro daga rumfa yana bi ta wasu ramuka biyu a bayan kujeru ya fita ƙasa. Ganye da ƙura na toshe su, ruwan ya koma cikin ƙarfen gaban tayar baya. A riƙa zura siririn buroshi mai lanƙwasa a ciki, a zuba kofin ruwa a ga ya fito ƙasa.

Abin da ba a faɗa ba tukuna shi ne iska. Sabon shiga yana zaton daga gaba za ta buge shi, alhali daga baya take zagayowa ta daki ƙeya. Ɗaga gilasan gefe, ka sa ɗan shingen raga a bayan kujeru, sai ta lafa har a yi hira. Mai ɗankwali ko hula ya ɗaure da kyau. Lokacin da ya fi daɗi shi ne sassafe da bayan la'asar, da daren da sama ta washe, rumfa a ƙasa, hita na hura ƙafafu, fuska na shan sanyi. Tsakar rana kuwa a kiyaye, iska na ɓoye zafin, sai an sauka a ga fata ta ƙone. Ruwan sha da tabarau kada su bar motar.

Bakanike:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma ba na cikin masu cewa ba ta tsufa ba. Ƙari a kan abin da ke tsayar da mutum a hanya. Yawanci ba babban abu ba ne. Fetur na yanzu a ƙasashe da dama akwai etanol a ciki, yana cin tsohon tiyon roba, a MGB kuma kafireta a saman bututun hayaƙi take zaune. A canza tiyoyin gaba ɗaya da masu lamba R9. Kwantak na distiributa a saita ratarsa 0.015 na inci, fulogi 0.025. Baƙin mai 20W-50. A riƙa duba ɗan man da ke saman kafiretar SU, irin wadda ke jikin MGB, in ya ƙafe mota za ta riƙa shaƙewa in an taka totur. Famfon mai in ya yi shiru, ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba yakan tashe shi ya kai ka gida, amma saƙo ne cewa a gyara.

Taya kuma ba a duba zanenta kaɗai. Lamba huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke gefen taya sati ne da shekara: 2315 na nufin sati na 23 a 2015. Wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanen na nan, roba ta bushe. Yawancin motocin nan ba ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ba jakar iska, ba ƙarfen kariya a sama, taya da birki su ne duk abin da kake da shi. Man birki a canza duk shekara biyu. Sannan a riƙa tuƙa ta, ko da sau ɗaya a sati biyu har ta yi zafi sosai. Wadda aka killace ita ce birkinta ke kamewa, robobinta su bushe su fara yoyo.

Mai Spitfire:
Baba Bakanike, a ƙara masa da namu. Spitfire daɗinta wajen gyara ba a magana: bonet da fuka-fukan gaba a haɗe suke, su ɗago gaba ɗaya, ka zauna a kan taya kana aiki a inji. Tana kuma juyawa a ɗan wuri ƙwarai. Amma akwai gaɓar tagulla a ƙasan ƙafar gaba, inda taya ke juyawa. Man giya EP90 ake ɗura mata, ba giris ba. Giris yakan bushe a cikin zaren, ruwa ya shiga, ƙarfen ya tsinke, taya ta kwanta, sau da yawa a daidai lokacin da ake murɗa sitiyari a hankali. A Spitfire ta kafin samfurin Mk IV na 1970 kuma kada a ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, tayar baya na iya lanƙwashewa ciki.

Mai neman sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya: wadda nake dubawa tayoyinta masu wayoyi ne kamar na keke, da goro ɗaya a tsakiya.

Mai MGB:
Suna da kyau, suna kuma son kulawa. Bi wayoyin da sifana ɗaya bayan ɗaya, mai lafiya za ta yi ƙara siririya, wadda ta saki za ta yi dum. Ka ja motar gaba, ka sa ribas. In ka ji ƙwal daga taya, haƙoran da ke riƙe ta a kan cibiya sun cinye, kuma cibiya da taya tare ake canzawa. Cire tayar ka duba: haƙori mai lafiya kansa a ɗan daƙushe yake, wanda ya cinye ya yi tsini. A shafa musu giris kaɗan kafin a mayar. Goron kuwa na dama zarensa na hagu ne, don haka kowane gefe kake, ka bugi kunnen sama zuwa gaban mota in za ka kwance, zuwa baya in za ka ɗaure, da gudumar tagulla ko ta dalma.