Matakin manaja a wasan hoki na waya, ya ake hawa ne?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ke karatu a Dutse ne ya sa min gem ɗin hoki na kan ƙanƙara a waya, irin wanda kai ne manajan kulob, ka sayi 'yan wasa ka jera su kwamfuta ta buga. Wata 2 kenan ina matakin sabon shiga alhali ina cin wasa, wani da muka fara tare har ya samu tauraro biyu. Me ake dubawa ne dan Allah?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. A lig ɗinmu dai cin wasa kaɗai ba ya kai ka malam, ana duba yawan shigarka da kakar wasan da ka kammala ba ka gudu ka bar kulob ba. Ni lokacin girbin gero na yi kwana 9 ban leƙa ba, ga ba netwok a gona ga caji sai na kai shago, ina dawowa na tarar darajata ta zube an hana ni neman babban kulob.

Na Gaya:
Hhh mu da ƙanƙara sai a kular mai fiya wata, wai hoki 😂

Baban Ummi:
Bar shi Na Gaya. Ɗan Ringim ka daina yi masa lissafin ƙwallo, nan kowane kulob mutum 6 ne a fili har gola, zango 3 na minti 20, kuma ana ta canjin 'yan wasa. In layinka na farko, wato rukunin 'yan wasan da ke fara shiga fili, kawai ka gyara za su gaji.

Ɗan Ringim:
Wallahi na farkon kawai nake taɓawa, bari in duba sauran bayan isha'i.