Wane lafazi ya dace da imel na ƙarshe ga waɗanda suka yi shiru?

Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan sola ga makarantu masu zaman kansu a Kano. Wasu sun nemi farashi, na tura musu ta imel, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na sake tuntuɓa, na yi ragi, na bi ta WhatsApp. Alamar shuɗi ta nuna an karanta, amma ba amsa.

Ga shi kuɗin batir yana bin canjin dala, ba zan iya riƙe tsohon farashi ba. Duk abin da na rubuta sai ya fito kamar roƙo ko barazana.

Don Allah, yaya zan sanar da su wa'adin farashin a saƙon ƙarshe ba tare da na kore su ba?