Furojet: kundi za mu ce ko awo?

1/ Jama'ar editin, ina neman kalma. Jiya yaron wani abokin sana'a ya zo shagonmu na Titin Bauchi, nan Jos, da filashi, wai maigidansa ya ce a ƙarasa fim ɗin biki. Fayil ɗaya tal, .prproj, wato furojet na manhajar editin bidiyo ta Premiere, bai kai megabait 3 ba. Bikin kwana biyu fa! Ya dage: "Yallaɓai, ai fim ɗin na ciki."

2/ Ban ga laifinsa ba. Furojet muke cewa, kalmar kuma ba ta gaya masa komai. Fayil ɗin nan babu bidiyo a cikinsa, bayani ne kawai: yanka nan, jona can, ɗauko hoto kaza daga folda kaza.

3/ Tsohuwar kwamfutata mai Premiere CS6 na 2012 ta ƙi buɗe shi, don a sabon Premiere aka yi. Haka abin yake: sabo na karanta na tsoho, ya sabunta shi, tsoho kuwa bai san yaren sabo ba. Sabuwar kwamfutata ta buɗe shi, sai jan allo, Media Offline ko'ina, wato ba ta ga bidiyon ba.

4/ Wani malamina ya ce "kundin aiki". Malam, a gafarce ni, kundi ai tara abu yake a cikinsa, ruɗin da muke gudu ke nan. An kawo "taswira", ta yi kusa, amma taswira ba ta cewa a yanka.

5/ Ni dai na tsaya a kan AWO. Littafin awon tela babu ƙyalle ko taku ɗaya a ciki, amma da shi ake yanka. Furojet awo, ɗanyen bidiyo yadi, fim ɗin da aka gama aka fitar kuma ɗinkakke. Ko fayil ɗin XML, da muke fitarwa in za a koma tsohuwar manhaja ko wata manhajar editin kamar DaVinci Resolve, ya samu suna: awon tsiraici. Tsawo da faɗi na isa, adon wuya kan zube a hanya, wato gyaran kala da wasu rubuce-rubuce.

6/ Na gwada a kan yaron. Na ce, "Koma ka ce ka kawo awo, ina yadin?" Bayan la'asar sai ga shi a Keke Napep da hadis (hard disk) mai ɗanyen bidiyon naɗe a leda.