Tambaya: Shin rangwamen harajin gidan farko ya shafi mai igama a Jidda?

Ɗan Sabil ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. A Jidda aka haife ni, amma da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, nake zaune, ba ni da takardar ɗan ƙasa. Tun da aka rushe tsofaffin unguwanninmu irin su Sabil da Karantina kuɗin haya ya fi ƙarfin yawancinmu, shi ya sa na yanke shawarar tattara abin da na ajiye in sayi gida. Na ga wata shugga, wato sashen gida a cikin bene, mai ɗaki huɗu a unguwar Hamdaniyya, an yi mata kuɗi riyal 800,000, dallalin kuma ya ce akwai harajin kashi 5 cikin ɗari a kai, sai dai gwamnati tana ɗauke wa mai sayen gidansa na farko. Ɗan baffana yana da takardar ɗan ƙasa, bai taɓa mallakar gida ba, ya ce in ina so a rubuta sakkin, wato takardar mallakar gidan, da sunansa don mu tsira da kuɗin harajin. Shin rangwamen ya shafe ni ni kaina? In bai shafe ni ba, me kuke gani game da shawarar ɗan baffan nawa?

Akawun Makka ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dallalin bai yi maka ƙarya ba, amma bai kai maka zancen ƙarshe ba. Harajin da yake nufi shi ne harajin cinikin gidaje da filaye, wanda aka fara karɓa a watan Oktoba na 2020. Kafin nan harajin VAT ake ɗora wa irin wannan ciniki, kuma da aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a watan Yuli na wannan shekarar, sayen gida ya yi wa mutane nauyi ƙwarai, sai aka fitar da cinikin gidaje daga ƙarƙashinsa aka kafa masa nasa harajin na kashi 5. Hukumar Zakka da Haraji da Kwastam, wato ZATCA, ita ke karɓarsa, kuma ba a yin ifiragi, wato mayar da sakki zuwa sunan mai saye, sai an yi rajistar cinikin a wurinta.

Rangwamen kuwa ga yadda yake: gwamnati tana biyan harajin a madadin ɗan ƙasa mai sayen gidansa na farko, har zuwa riyal miliyan ɗaya na kuɗin gidan. Ke nan iyakar abin da take ɗauka riyal 50,000 ne. A zamanin VAT iyakar riyal 850,000 ce, daga baya aka ƙara. Idan ɗan ƙasa ya sayi gidan riyal 1,200,000, harajinsa 60,000 ne, gwamnati ta ɗauki 50,000, saura 10,000 su rage a kan cinikin. Mai saye yana fitar da takardar shaidar hakan ne daga manhajar Sakani ta ma'aikatar gidaje, ya ba mai sayarwa, shi kuma ya shigar da lambarta lokacin rajista.

Sharaɗin farko shi ne zama ɗan ƙasa, saboda haka mai igama ba ya ciki, ko da a nan aka yanke masa cibi. A kan shuggar da ka ambata harajin riyal 40,000 ne cif.

Hajiya Ummu Yara ta amsa:

Ɗana, lissafi Akawu ya gama maka shi, ni a kan maganar ɗan baffanka zan tsaya, domin nan ne hatsarin yake. Ranar da aka rubuta sakki da sunansa, gidan nasa ne a idon hukuma, ba naka ba, komai yawan shaidun da suka ga ka ƙirga kuɗin. Ba ina zarginsa da mugun nufi ba ne, mai yiwuwa zumunci ne tsantsa ya sa shi. Amma rai na Allah ne. In ya riga ka tafiya, gidan ya shiga cikin gadonsa, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa kowa yana da rabo, kai kuma ka koma mai roƙo a ƙofar kotu da 'yar takarda da aka rubuta a falo. In bashi ya hau kansa, masu binsa suna iya kaiwa ga gidan. Na ga irin wannan a cikin danginmu a Madina, har yau gidaje biyu ba sa ga-maciji da juna.

Akwai kuma abin da shi kansa bai lura da shi ba. Wannan rangwamen na gidan farko ne, ba ya maimaituwa. Yau ya ba ka aron sunansa ka tsira da 40,000, gobe ya tashi sayen nasa na gaskiya, sai ya tarar a rajista shi mai gida ne tuni, ya biya harajin gaba ɗaya, kuma tallafin gidaje na Sakani da zai nema ya shiga matsala. Ban da haka, karɓar rangwamen da gwamnati ta ware wa ɗan ƙasa alhali gidan na wani ne, ha'inci ne da hukuma ba za ta yi wa kallon wasa ba in ta gano.

Malamin Hindawiyya ya amsa:

Ina tare da Hajiya. Abin da zan ƙara, a doka mai sayarwa ne ke da alhakin biyan harajin ga ZATCA, ko da yake a kasuwa yawancinsu suna ɗora shi a kan mai saye. Don haka kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sa a rubuta ƙarara ko 800,000 ɗin har da haraji ne ko ban da shi. A nan akwai wurin ciniki, musamman in shuggar ta daɗe ba ta shiga ba. Kada ka manta da la'adar dallali, wadda a doka kashi 2.5 ce in ba a yi yarjejeniya a kan wani abu dabam ba, wato riyal 20,000 a naka cinikin, kuma ka tabbata yana da lasisin Fal na hukumar gidaje. In wani ya ce a rage kuɗin a takarda don harajin ya sauko, ka ƙi, domin ZATCA tana auna cinikin da farashin kasuwa.

Kuma ba dole sai da sunan wani ba. Tsohuwar dokar shekarar 2000 ma ta ba mai igama damar mallakar gidan zamansa da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, ban da Makka da Madina. An amince da sabuwar dokar mallakar baƙi a watan Yuli na 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, kuma ita ce yanzu za ka bi. Ka nemi lauya ya duba maka matsayin unguwar a ƙarƙashinta.

Ɗan Sabil ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Zan je in sami ɗan baffana in yi masa godiya, in kuma bayyana masa abin da zai rasa. Malam, a ganinka wanne zan fara: neman izinin mallaka, ko zama da mai shuggar a kan wanda zai ɗauki harajin?

Malamin Hindawiyya ya amsa:

Ka fara da izinin. In mai shuggar ya matsa sai ka ajiye wani abu, a rubuta cewa za a mayar maka da kuɗinka cikakku idan izinin bai fito ba.