Dalmar birgi: giram nawa ya kamata kowace ɗaya ta yi?

Mai Birgi, Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina haɗa sabon birgi na zaren nailan, tsawonsa daga wuya zuwa baki mita 2, idonsa yatsa uku. A tafkin Gidimuni da tafkunan wajen Mirya zan yi aiki da shi, ruwa bai cika wuce ƙirji ba, ƙasan kuma laka ce. Karfasa da tarwaɗa nake nema. Na samu dalmar taya (wadda ake maƙalawa a ƙafar mota don daidaita ta) kilo 5 wajen masu faci, ina so in zuba da kaina don kowace ta zo daidai da ƴar'uwarta. Giram nawa ya dace, 15, 20 ko 30? Guda nawa zan jera? Sannan wani ya ce in ƙara da dalmar tsohon batirin mota idan ba ta isa ba. Masana a taimaka.

Ɗan Su:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zaɓi nauyin guda ɗaya, fara yanke nauyin da birgin zai ɗauka gaba ɗaya. Abin da masu ɗinkin birgi suka saba bi shi ne kilo 1.5 zuwa 2.2 ga kowace mita ta tsawonsa daga wuya zuwa baki. Naka mai mita 2 yana neman tsakanin kilo 3 da 4.4 ke nan. Babban nauyin na ruwa mai zurfi ne ko mai gudu, inda ake son baki ya riga kifi isa ƙasa. A ruwan ƙirji maras gudu kilo 3.5 ya wadatar, kuma kafaɗarka za ta gode maka idan jifa ya yi yawa.

Yanzu igiyar baki. In birgin ya buɗe sarai, kewayensa kusan mita 12.5 ne, amma kada ka dogara da lissafi, sa ma'auni ka auna igiyar da ke hannunka, musamman in ka naɗe baki ka yi masa aljihu. A ce mita 12.5 ɗin ce. Da giram 30 za ka samu guda 117, ɗaya a kowane santimita 10.7. Da giram 20, guda 175, ɗaya a kowane santimita 7. Da giram 15 kuwa guda 233, kusan kowane santimita 5 da rabi.

Nauyin duka ɗaya ne, aikinsu ne ya bambanta. Manya masu tazara suna barin igiya ta ɗaga tsakaninsu, kuma karfasa gwanar kwanciya ce cikin laka, ta wannan ɗan ɗagawar take sulalewa lokacin da kake jan birgi. Ƙananan suna kwantar da baki sosai, sai dai suna ratsa idon raga cikin sauƙi, birgi ya harɗe, ka jefa ya buɗe rabi. Ga kuma wahalar ɗaurin guda ɗari biyu da ɗoriya. Ni dai ga ido yatsa uku giram 20 zan ce, a yi ta doguwa kamar guntun kara, kada a yi ta dunƙulalliya. Doguwa ba ta saurin shigewa ido.

Maƙerin Zango:

Lissafin Ɗan Su daidai yake, bari in kawo shi ga mazubi. Dalma tsantsa nauyinta giram 11.3 ne a kowane santimita ɗaya tsawo, faɗi da kauri. Idan kaurin dalmar milimita 10 ne, ramin igiya milimita 4, to tsawon santimita 2.7 zai ba ka giram 20. Santimita 3 zai ba ka 22, santimita 2.5 kuma kusan 19. In ka ƙara kaurin zuwa milimita 12 a tsawon santimita 3, ka tashi zuwa giram 34. Kauri ya fi tsawo saurin ƙara nauyi, a nan mutane ke shan mamaki. Dalmar taya tana da gauraye, za ta ɗan gaza haka da kusan rabin giram. Don haka zuba guda 10 tukuna, ɗora su tare a sikeli, ka raba da goma, sannan ka san ko za ka ƙara zurfin rami.

Mazubin: guntayen alminiyum biyu masu kauri, kowane kamar santimita 2, a goge fuskokinsu su haɗu ba rata. A matse su, a huda a daidai layin haɗuwarsu da bakin huda na milimita 10, zurfin santimita 2.7, sannan a bi tsakiyar gindin ramin da bakin milimita 4 ya zarce ƙasa, nan ƙusa za ta tsaya, ita ce za ta bar ramin igiya a cikin dalmar. Ramuka huɗu a jere sun isa. A sa ƙananan turaku biyu a gefe don ɓangarorin su riƙa komawa wuri ɗaya. Ƙusar ta zama miƙaƙƙiya, ba tsatsa, an yanke kanta. Kanga ta da cikin mazubin a hayaƙin kyandir har su yi baƙi, shi ne ke hana dalma kamawa. Kada ka shafa mai, yana tafasa ya bar ƙuraje a jikin dalmar.

Wajen narkewa ne zan fi ja maka kunne. Dalma tana narkewa a digiri 327, tutiya sai 420. Tarayyar Turai ta hana dalmar taya tun 2005, motocin da ke shigowa daga can kuma da yawansu abin da ke maƙale a ƙafafunsu tutiya ne ko ƙarfe. Saboda haka kilo 5 ɗin nan naka zauna ka tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka ga Zn a jikinsa tutiya ne, mai Fe ƙarfe ne. Maras rubutu ka cije shi da filaya: dalma tana lotsewa, tutiya ba ta yarda. Ko ka sake shi a siminti, dalma faɗuwa take shiru, tutiya tana ƙara. Tutiya kaɗan in ta narke a ciki, ruwan dalmar zai yi kauri da gudaji kamar kunun da bai damu ba, ya ƙi cika mazubi, kuma tukunyar gaba ɗaya ta lalace. Shi ya sa ake hura gawayi a hankali. Da zarar dalmar ta narke, duk abin da ya rage yana yawo a sama kwashe shi, kada ka ƙara wuta wai don shi ma ya narke.

Tukunya ta ƙarfe za ka yi amfani da ita. Ta alminiyum tana laushi da zafi, gindinta na iya ɓallewa da kilo uku na narkakkiyar dalma a kan ƙafarka. Bayan ka kwashe ƴan ƙarafan maƙalawa, jefa kakin kyandir kamar ƙwayar gyaɗa ka motsa, zai kama da wuta na ɗan lokaci, datti ya taru a sama ka kwashe.

In aka cire tutiya da ƙarafa da datti, da wuya kilo 5 ya ba ka 3.5. Nemo ƙarin kilo ɗaya ko biyu kafin ka kunna wuta.

Na Bakin Tafki:

Ban ƙi giram 20 ba, amma kilo 3.5 ya yi yawa a gefen da laka ke da taushi, Ɗan Su. Baki mai nauyi yana nutsewa cikin taɓo, kana ja yana yankar laka da saiwar kacalla, ya ƙi rufewa sumul, kifi ya samu hanya. Kilo 3 nake ba da shawara, guda 150, tazara santimita 8 da ɗan kai. A bar ƴan guda talatin a aljihu. In ka ga birgi yana saukowa a hankali har kifi na fita ta gefe, ka ƙara. Ƙari ya fi ragi sauƙi in an yi su masu tsaga da ake matsewa a kan igiya.

Sai dai masu tsagar ba a yin su da dalmar taya mai ƙarfen maƙalawa, tana da tauri, in ka lanƙwasa ta tsagewa take. Su suna son dalma mai laushi, irin ta tsohon bututu ko rigar tsohuwar wayar ƙarƙashin ƙasa.

Wani abu kuma, kada a ruɗe ka da cewa noti na ƙarfe ko gasasshen yumɓu duk ɗaya ne in an daidaita kilo. A cikin ruwa dalma tana asarar kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinta, ƙarfe 13, yumɓu kuwa wajen rabi, ga girman jiki da ke rage masa saurin nutsewa. Noti kuma yana tsatsa ya ci zare.

Mai Birgi, Garin Malam:

Allah ya saka da alheri. Baba Maƙeri, me ke sa dalma ta fito da tamoji a jiki ko rami a sama? Kuma har yanzu ba a ce komai kan batir ba.

Maƙerin Zango:

Tamoji alamar sanyin mazubi ne. Ajiye shi a gefen murhu ya ɗauki zafi kafin ka fara, zubin farko biyu ko uku ka mayar tukunya. In ta fito fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, zafi ya yi yawa, dakata kaɗan, ko da yake wannan ba ya hana ta aiki a birgi. Ramin sama kuwa dalma ce ke tsukewa in tana daskarewa. Zuba a tafi ɗaya ba tsayawa, ka bar ɗan tudu a bakin ramin ya ciyar da ciki, daga baya ka yanke. Fiffike a gefe yana nufin ba ka matse ɓangarorin da kyau ba, ko ɗigon dalma ya maƙale a fuskarsu. Ƙusa ka murɗa ta da filaya ka zare da zarar saman ya daskare, in ta huce sosai sai ta kama.

Abin da aka fi mantawa shi ne bakin ramin igiya a jikin dalmar. Yana fitowa da kaifi, shi ne ke cin igiyar nailan a hankali har wata rana baki ya tsinke. Ɗauki bakin huda na milimita 8 ka juya shi da hannu sau biyu a kowane gefe.

Ruwa kada ya kusanci tukunya. Jiƙaƙƙen guntu ko ludayi mai laima in ya nutse cikin narkakkiyar dalma, ruwan ya zama tururi nan take ya watsa ta sama. Shanya kayan a rana, ka ɗumama ludayi a wuta tukuna, kuma duk ƙarin da za ka yi ya bushe ƙarau. Rufaffen takalmi, dogon hannu, safar hannu ta fata, tabarau.

Malamar Asibiti:

Malam Mai Birgi, batir ka bar shi gaba ɗaya. Farantan cikinsa yawancinsu ba dalmar da za ta narke ba ce, gari ne mai guba da ke tashi ya zama ƙura, ga ruwan asid. Dattin da ake kwashewa a samansa kuma, in ya haɗu da na dalmar taya ya sha laima, yana iya fitar da iska mai kisa. Ɗan abin da za ka samu bai kai wannan ba.

Ita ma dalmar tayar ba a zuba ta a tsakar gida. A 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro yana rarrafe yana kai hannu baki, jikinsa kuma ya fi na babba shan dalma. Mai ciki ma ta nisanci wurin. Yi aikin a fili nesa da gida, iska tana bayanka. Tukunya da ludayin ba su sake komawa madafa. Dattin a zuba shi a gwangwani busasshe a rufe, kada a watsar inda kaji da awaki ke kiwo. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, ka sauya riga kafin ka ɗauki yaro.

Ga masu cije bakin birgi lokacin jifa, ku ɗaura ƴar igiya daban mai tsawon taƙi a wuri ɗaya na bakin, ita za ku riƙa kamawa da haƙori.

Ɗan Su:

Na yarda da Na Bakin Tafki a kan laka mai taushi, fara da guda 150. Wajen jerawa, zura su duka a igiya tukuna, ka ninka igiyar gida huɗu ka yi alama, kowane kashi ya samu 37 ko 38. In gefe ɗaya ya fi nauyi, birgi zai riƙa karkata a iska ya faɗi a tsaye. Kowace dalma a ɗaure igiya da raga gabanta da bayanta don kada ta riƙa zamewa.